Zinariya da Miyar Hanya

A unguwar Ridina ta Njamena, idan ka tambayi gidan Zinariya Shu'aibu, sai an ɗan yi jim ana tunani. Amma ka ce "mai leƙen tukwane", nan take a nuna maka ƙofar. Sunan da matan unguwa suka laƙa mata ke nan tun tana budurwa, kuma ba da nufin yabo suka fara ba.

Jikar Malam Zakariya mai goro ce, gidan da ya daɗe da kafuwa a kasuwanci tun garin Njamena yana amsa sunan Fort-Lamy. Ta yi karatun boko, Faransanci a bakinta, ta kuma sami aikin buga takardu a wani ofishi a 1993. Kowa ya ɗauka ta yi sallama da hayaƙi ke nan. Ina! Da an tashi aiki sai ka gan ta tsugune a madafar mutane, da littafin 'yan makaranta a cinya, tana tambayar tsohuwa me ta jefa a tukunya, kuma don me sai yanzu. Ba wai ta fi kowa iya girki ba ne, don har yau tuwonta yakan yi gudaji. Abin da Allah ya ba ta shi ne naci da kunnen sauraro.

Cikin duk abin da take bi, abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: miyar hanya. Haka tsofaffi suke kiran miyar da kakanninsu suka rayu da ita lokacin da suka taso a ƙafa daga ƙasar Hausa za su Makka, guzuri ya ƙare, da yawansu suka yada zango a bakin kogin Shari, zangon da ya zama gida. Kowa ya ji labarinta, amma mutum ɗaya ta rage da ta iya: Inna Hansai, wadda ta shigo garin tana 'yar shekara tara, riƙe da gefen zanen uwarta. Idan ta tafi, miyar ta tafi, kuma Zinariya ta san da haka.

Ta aika cewa tana tafe ranar Juma'a. Inna Hansai ta tare ta tun daga zaure.

"Faddali, faddali, shigo! Jikar Malam da kanta a gidana? Yau na yi babbar baƙuwa."

Aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Tsohuwa ta girka miya a gabanta: kaza guda, mai har yana iyo, tumatir, albasa, dunƙule biyu. Zinariya ta rubuta komai, har da yawan juyawa. Da wani gidan rediyo mai zaman kansa ya ba ta minti goma sha biyar duk Asabar a 1999, wannan miyar ta fara karantawa, cike da murna.

Washegari ta girka wa mijinta Lukumanu. Shi kuwa a maƙwabtan Inna Hansai ya girma, ya sha cin tuwon gidan yana ƙarami. Ya kai loma uku, ya lashe yatsa, sannan ya yi irin murmushin nan nasa mai ba ta haushi.

"Malama, daɗi kam akwai. Amma wannan ba ita ba ce."

"Kamar yaya ba ita ba ce? A gabana aka yi."

"Shi ya sa. Mutanen da suka yi shekara biyu suna taka daji, wa ya ba su kaza da tumatir? Girkin baƙi aka yi miki."

Ta tambaye shi to mene ne a cikin ta gaskiyar. Ya ce shi dai ya tuna tana da ɗan ɗaci da ƙaurin hayaƙi, bayan wannan bai san komai ba.

Ranar ba ta ci abinci ba. Ta zube littattafanta goma sha ɗaya a kan gado tana dubawa. Kowace miya nama, kowane tuwo man shanu, kai ka ce talauci bai taɓa ratsawa ta Ridina ba. Shekara shida tana aika saƙo cewa tana tafe, shekara shida matan kirki suna fita kunyarta. Babu wadda ta yi mata ƙarya, karramci suka yi mata, karramcin ne ya rufe mata ido. Ta ji kunya ƙwarai, ta kuma ji haushin kanta.

Da wata ce, da ta yi shiru ta gyara a ɓoye. Zinariya kuwa Asabar ta gaba ta faɗa wa duk garin ta rediyo cewa ta yi kuskure, a ajiye abin da ta karanta. Daga nan ta sake salon aiki gaba ɗaya. Ta daina aike. Sai dai ta faɗo gida da hantsi cikin tsohon zane, ba littafi ba alƙalami, ta ja turmi ko ta kama wanke-wanke. Zuwan farko a rantse ba za ta taɓa ba. Zuwa na biyar a bar ta. Wata rana kuma, tana cikin tsintar yakuwa, sai ta ji an daka mata tsawa: "Ke, haka uwarki ta koya miki? Matsa nan!" To, ranar ce take komawa gida da fara'a, don ta san ta tashi daga baƙuwa, abin da za ta gani a tukunya daga yau shi ne abin da gidan yake ci. Sai bayan tsawa take fito da littafi.

Da wannan haƙurin ta tattara abin da ba wanda ya taɓa rubutawa: yadda ake miya da kan busasshen kifi kawai, yadda ake raya tuwon jiya, yadda matan kasuwar Dembe suke gane kuɓewar da ta bushe a inuwa da wadda rana ta ƙone. A 2005 wani ɗan'uwan Lukumanu ya nuna mata yadda ake buɗe shafi a intanet, abin da ake kira bulog. Sai ta riƙa hawa kilando, wato babur ɗin haya, zuwa shagon intanet, ta zauna tsakanin samari masu neman budurwa a Turai, tana buga yadda ake daddawa da Hausa da Faransanci. Sau nawa wuta ta ɗauke ta tafi da rubutun awa guda? Sai ta ja tsaki, ta jira injin janareta ya tashi, ta sake daga farko.

Amsa ta fara zuwa daga inda ba ta zata ba: Omdurman, Jidda, Kano, Marseille. Jikokin matafiya ne da suka watsu, kowa na neman ɗanɗanon gidan kakarsa. Wata jarida ta ba ta fili, masu gidajen abinci suka fara neman shawararta, ƙungiyoyin mata suna gayyatarta koyarwa. Ta ajiye aikin ofis ba tare da waiwaye ba. Duk Laraba kuma tsakar gidanta cike da mata masu son koyon wannan aiki, wasu da takardar makaranta, wasu sai ajami. Tana koya musu rubutu da ɗaukar hoto, amma darasin farko kullum ɗaya ne: kada ki rubuta komai sai an yi miki faɗa.

Gida ɗaya ne dabararta ta ƙi ci. Ta je wa Inna Hansai da hantsi, ta je da azahar, ta je cikin ruwan sama. Da tsohuwa ta hango ta, sai ta kife murfi a kan tukunya, ta sa a kamo kaza. Zinariya ta taɓa kai hannu ga tsintsiya, Inna Hansai ta riƙe mata hannu har idon tsohuwar ya kawo ruwa.

"Kakanki ne ya sauke mu a zaurensa ƙafafunmu duk faso. Shi ya ba ubana jarin farko. Jikarsa ta yi mini shara? Sai dai bayan raina."

"Inna, miyar hanya kawai nake so in gani."

"Ai na yi miki, uwar ɗakina. Ko ba ta yi daɗi ba ne?"

Me za ka ce da wannan? Shekara takwas ana haka. Kaji sun ƙare a kan Zinariya, idon tsohuwa ya fara dushewa, hannu ya fara rawa. Masu karatu suna ta tambaya yaushe za a sa miyar hanya, ita kuwa duk lokacin da ta ji sanarwar rasuwa daga wajen Ridina sai ta zaci Inna Hansai ce.

Cikin matan Laraba akwai Rahmatu, bazawara mai sayar da tumatir a kasuwar Dembe, mai 'ya'ya biyu da baki kamar reza. Ba ta da kakan da ya sauki kowa. Zinariya ta daɗe tana juya abin a ranta, don ba ƙaramin abu ba ne ka miƙa wa wani abin da ka ƙwallafa rai a kansa shekara da shekaru. Daga ƙarshe ta kama hannunta har gaban tsohuwa.

"Inna, ga ɗalibata. Ba ta iya komai ba, a taimaka a koya mata."

Inna Hansai ta kalli Rahmatu sama da ƙasa, ta ce ta zo gobe da wuri, kuma kada ta zo mata da wannan jan farcen. Ko sati ba a rufa ba aka fara yi mata tsawa. Zinariya na jin labari tana dariya, amma can ƙasan zuciyarta kishi ne, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba.

Bayan wata biyu, wata ranar Talata da la'asar, Rahmatu ta yi sallama. Ba surutu yau. Ta zauna a bakin tabarma, ta ajiye littafi a tsakaninsu, yatsunta duk toka.

"Yaya, Inna ta yi miyar. Sau uku a gabana, na huɗu ni na yi tana zagina."

Zinariya ta miƙa hannu za ta ɗauka.

"Amma akwai magana," in ji Rahmatu. "Da muka gama ci sai ta riƙe ni ta ce, kada jikar Malam ta ji. Ta ce miyar yunwa ce, ita suke sha lokacin da suka binne ƙaninta a hanya. Ta ce gidanku sun san su ne bayan sun iso sun wanke ƙafa, ba ta so ki san abin da suka ci kafin su iso. Na rasa yadda zan yi, shi ya sa na kawo miki. Ke kika aike ni."

Hannun Zinariya yana kan bangon littafin. Shafi ɗaya ne tsakaninta da abin da ta bi shekara goma sha biyu, kuma ba mai sani idan ta buɗe. Aka fara kiran salla a masallacin unguwa.

"Kin iya ta sosai? Ba sai kin duba ba?"

"Ko ido rufe."

"'Ya'yanki sun ci?"

"Sun ci. Ƙaramar ma ta nemi ƙari."

Zinariya ta tura mata littafin har ya taɓa gwiwarta. "To kalas, shi ke nan, ba ta ɓata ba. Ke aka ba, ki riƙe. Ki koya wa 'yarki, ki faɗa mata sunan mai ita." Sai da Rahmatu ta fita sannan ta shiga ɗaki ta yi kukanta, mai isarta.

A shafinta ta rubuta layi biyu kawai: miyar hanya tana nan da ranta a hannun wadda ta cancanta, kuma ba za a same ta a nan ba. Wasu suka yi ƙorafi, ta bar rubutun yadda yake.

Ranar Juma'a ta yi kwalliya, ta aika tun da safe cewa tana tafe. Inna Hansai ta sa aka shimfiɗa tabarma, aka kamo kaza, ta zauna kusa da ita tana lalubo mata tsoka da hannunta mai rawa.

"Ci, jikar Malam. Ta yi kuwa?"

Zinariya ta cika baki, ta haɗiye.

"Inna, duk Njamena ba mai yin irinta."