Gawa ta Huɗu

Hovsep Terziyan maƙwabcina ne a Glendale, gyaran takalma yake yi. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, ɗan wasan kwaikwayo zai ce maka. A Beirut ya koyi wasan tun yana saurayi, ya taɓa mutuwa a kan dandamali har wata tsohuwa ta suma. Da yaƙi ya koro su Amurka, ya yi ta zuwa gwaji ana ce masa za a kira shi. Yana jira har furfura ta cika masa kai.

Rannan sai aka kira. Wani katun ne na talabijin na manya, irin mai ashar da shaƙiyanci, za su yi shiri na musamman don Halowin, bikin tsoratarwa na Turawa, inda gawarwaki ke tashi daga kabari suna cin mutanen gari. Mai ɗaukar sautinsu wurin Hovsep yake kai gyaran takalmi, shi ya kai sunansa.

Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci ya tafi. Darakta, wata Kendra sa'ar 'yarsa, ta nuna masa zanen gawa mai ido ɗaya yana reto.

"Baba, gurnani kawai za ka yi."

"Kafin ya rasu me yake yi?"

"Wa?"

"Mamacin. Yana da iyali?"

Ta duba takarda. "Gawa ta huɗu aka rubuta."

"To ni na san shi. Direban bas ne, kuma ya tafi bai yafe wa ƙaninsa ba."

"Madalla. Ya yi mana gurnani."

Hovsep ya rufe ido ya yi. Mai sauti ya miƙe ya fita shan iska.

Ranar da za a nuna, matarsa Araksi ta dafa dolma, ta gayyato dangi har da fadan cocinsu. Babu wanda ya gaya wa fada irin shirin. Haka ya zauna yana kallon magajin garin cikin katun ɗin na gudu tsirara. Can gawa ta huɗu ta leƙo daga bayan motar shara, ta yi gurnani, aka fille mata kai da shebur.



Araksi ta ce, "Maigida, wannan ai nishin da kake yi ne in za ka tashi daga kujera."

"Ke ba ki san aiki ba."

"Tun aurenmu nake jin sa."

Fada ya ce shi dai ya ji baƙin ciki a ciki, sannan ya nemi ƙarin dolma.

Tun daga nan duk shekara suke kiransa. Ya yi gawar alƙali, ya yi ta mai sayar da kifi. Bara suka ba shi magana ta gaske, kalma ɗaya da gawa ke faɗa in tana neman abin da za ta ci: "Ƙwaƙwalwa!" Ya ƙi, ya ce mamatansa ba masu surutu ba ne. Aka ba wani matashi.

A shago muka kalla tare, yana buga wa takalmi dunduniya. Ya ce matashin yana da murya, amma da ji bai taɓa binne kowa ba.