Magdalene, mai ɗibar jini kafin shuka da bayan girbi

Da hantsi za ka same ta a ɗakin gwajin jini na asibitin Zuru, ta ɗaure wa wani damtse da roba tana laluben jijiya, tana tambayarsa lafiyar awakinsa don kada ya kalli allura. Magdalene Kefas ke nan, 'yar Dabai, wadda za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan.

Ni direba ne, karatuna bai wuce lambar mota ba. Amma shekara da shekaru ni ke kai mata jinin gwaji Sakkwato cikin kula mai ƙanƙara, don akwai gwajin da ba a yinsa a Zuru. A bakinta na ji cewa ciwon hanta ba ɗaya ba ne. Akwai ƙwayar cuta da ke zama a jini shekaru, mutum na nomansa da ita. Akwai kuma ciwon daji. Gwaji ɗaya ke nuna ƙwayar. Ɗayan wani awo ne da kan hau idan daji ya soma, shi ma sai likita ya haɗa da hoton ciki kafin ya yanke magana.

A 2004 idon maƙwabcina Haggai, tsohon soja, ya koma ruwan ɗorawa. Dajin hanta ne ya kashe wansa, sai ya ce nasa ya zo. Damina na ƙaratowa, ya ƙi sharar gona, ya ba ɗansa Dawuda garmarsa. Magdalene ta bi shi har gida, ina wurin.

"Baba Soja, wa ya faɗa maka ranarka?"

"Na ga yadda wana ya ƙare."

"Jinin wan naka ne a jikinka? Miƙo hannu, kai da ka je yaƙin Laberiya."

Sakamako ya dawo. Ƙwayar na nan, awon daji bai hau ba, hoto ma lafiya lau. Ba ta ce masa ya warke ba. Cewa ta yi, "Kai da burkutu kun rabu. Kuma zan ga jininka kafin shuka, in sake gani bayan girbi."

Magdalene, ke ce kika gane manomi kan manta kwanan wata, amma ba ya manta shuka da girbi. Mun gode, Allah ya saka. Masu gadon kujerarta, ku bi mutane yadda ta bi su.

Haggai kuwa, washegarin maganar nan tata da kansa ya je ya karɓo garmarsa. Bana ma da ita ya yi huɗa.