Matar da Ke Ƙirga Ramukan Kati

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin da ke ƙarshen baranda, kusa da inda ake auna jarirai. Ta goge tebur, ta fito da abin awon hawan jini, sannan ta juya kujerar baƙi ta ba ƙofa baya, don kada mai kunya ta haɗa ido da masu wucewa. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana haka a sashen tazarar haihuwa, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki.

Anti Mu-Gani mata ke kiranta, domin ba ta tambayar mace ko tana shan ƙwayarta. Hannu kawai take miƙawa ta ce, "Mu ga katin." Sai ta bi ramukan katin ƙwayar da yatsa tana ƙirgawa.

Tambaya kuwa, ta ji kowacce sau dubu, amma ba ta taɓa yi wa mai ita tsaki ba.

"Anti, wai taruwa take a ciki?"

"Abincin da kika ci bara ya taru?"

"Idan na manta ɗaya fa?"

"Ki sha da kin tuna, ta yau ma ki sha a lokacinta."

"An ce tana kashe mahaifa."

"Daina sha ki gani. Amma ki tanadi zanen goyo tukuna."

Mai sharar sashen ba ta manta matar wani direban babbar mota ba. Wata bakwai ke nan da aka yi mata aiki aka ciro ɗanta, likita kuma ya gargaɗe ta cewa wani cikin kafin shekara biyu zai iya tafiya da ranta. Ta miƙa kati, rami uku kacal a wata guda.

"Ƙanwata, sauran fa?"

"Ai maigidan kullum yana hanya, Anti. Ranar da ya dawo kawai nake sha, kada su tafi a banza."

Anti ta sake duba katin. "Yaushe ya dawo?"

"Shekaranjiya."

Ta yi mata gwaji, bai nuna ciki ba. Ta ɗauko ƙwayar gaggawa ta ce, "Ana so a sha wannan cikin kwana uku da saduwa, yau kuma ta fi gobe."

Matar ta janye hannu. "Ba zubar da ciki ba ne? Ina tsoron Allah."

"Ni ma ina tsoronsa. Ba ta taɓa cikin da ya riga ya shiga, ƙwai take jinkirtawa kada ya fito. Idan kin yi amai cikin awa biyu, ki dawo a sake."

Layi ya kai bakin ƙofa, Anti ba ta gaggauta mata ba, har sai da matar ta ɗauki kofin ruwa da kanta ta sha. Sannan Anti ta sa aka kirawo mijin. Bawan Allah ya sosa ƙeya ya ce shi ya ba da shawarar a riƙa adanawa.

"Malam direba, ka iya mota, wannan kam ka bar mana. Kullum ake sha, lokaci ɗaya, kana gari ko ba ka gari. Kwana bakwai masu zuwa kuma sai da kororon roba."

Tun daga ranar, ko ina ya tsaya da mota, sai ya kira matarsa ya tuna mata. Bayan sati biyu al'adarta ta zo. Ta iso ɗakin da hawayen murna, Anti ma sai da ta share nata.

Ke ce mai gyara ba da gori ba, Anti. Ke ce kika gane cewa mace na iya kuskure saboda tattali, ba don taurin kai ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu cikin lafiya.

Ku da za ku gaji kujerar nan, ku duba da idonku, ku amsa tambaya ko ta dubu ce. Ɗan direban nan bai san sunan Anti ba, watakila ba zai taɓa sani ba. Bana ya shiga makaranta, kuma uwarsa ce ta kai shi da ƙafarta.