Zarton da Bai San Tarin Gana Ba

Duk wanda ya tashi a Haɗeja zamanin Turawa ya san Bakari mai zarto, kuma ba a ambatonsa a bar Gana. Shekara ashirin da ɗoriya suna jan dogon zarto ɗaya a bakin kogi, Bakari a sama bisa gungume, Gana a cikin rami yana shaƙar garin katako. Rabin kwale-kwalen da ke yawo a fadama daga hannunsu katakonsu ya fito.

Mutanen fadama ba sa yarda da ice sai ya kwana biyu a kogi, wai don gara ta ƙyale shi. To, jiƙaƙƙen ice kuwa mugu ne. Kana yanka shi tsagar tana rufewa a baya, ta cije zarto kamar kada. Amma su biyun sun san maganinsa. Da Gana ya ji zarto ya fara nauyi sai ya yi tari sau ɗaya, Bakari ya tsaya cak, Gana ya cusa fegi a tsagar da hannunsa, ta buɗe, su ci gaba. Bakari kan ce ya fi sanin tarin Gana da muryar matarsa.

Ana saura shekara uku Turawa su tafi, Alhaji Yakubu, wani ɗan kasuwa mai son a ce shi ya fara, ya sauko da zarton inji daga jirgin ƙasa a Malam Madori, ya ɗauke su aiki. Zarton kewayayye ne kamar faifai, a tsakiyar teburin ƙarfe. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗaurawa a bayansa don ya hana tsaga rufewa. Makanikin da ya haɗa injin ya ce zai dawo ya ɗaura, bai dawo ba. Aka rataye shi a ƙusa. Gana ya yi dariya ya ce, "Me za a yi da shi, ga ni?"

Bakari bai yi dariya ba. Tun ranar farko yake tsoron abin nan, sai dai namiji ba ya faɗa.

A daminar nan ruwa ya zo da wuri, ya raba ƙauyuka da gari. Mutane suka cika rumfar injin suna jiran katakon gyaran jirage. Alhaji ya sa aka jawo maɗaci daga kogi, yana ɗigar ruwa.

Bakari ya ce, "Alhaji, a bar shi ya sha rana ko kwana uku ne."

"Ruwa na cikin ɗakunan mutane, Bakari. Kwana uku ina?"

Gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan.

A katako na farko zarton ya yi gurnani, hayaƙi ya tashi, gefen icen ya ƙone baƙi ƙirin. Bakari ya kashe injin, ya wasa haƙoran, ya ƙara buɗe su, ɗaya dama ɗaya hagu. Yana yi yana jan lokaci.

Gana ya ce, "Haƙora ba su da laifi, abokina, icen ne. Tura kawai, ina nan a baya." Ya zagaya bayan tebur, fegi a hannu.

Bakari ya yi bisimilla ya tura. Sun kai rabi sai kukan zarton ya sauka ƙasa-ƙasa. Ƙarar inji ba ta bar shi ya ji komai ba, amma ya ga kafaɗun Gana sun motsa, ya san tari ne. Ya tsaya cak, kamar yadda ya saba shekara ashirin. Gana ya miƙa hannu cikin tsagar, kamar yadda shi ma ya saba. Injin bai tsaya ba. Icen ya cije, ya yi tsalle baya, ya bugi ƙirjin Bakari, ya jawo hannun Gana bisa haƙoran.

A kan ƙyaure aka ɗauki Gana zuwa asibiti. Ya rayu, amma ya dawo babu hannun dama.

Bakari bai sake taka rumfar ba. Dogon zartonsu na rataye a zaurensa yana tsatsa, don ba ya jawuwa da mutum ɗaya, shi kuma ya ƙi kowa ya shiga ramin Gana. Ya koma sassaƙa ƙotar fartanya. Kullum da hantsi Gana zai zo su zauna a tabarma ɗaya, bai taɓa ɗora masa laifi ba, kuma wannan ya fi cin ran Bakari.

Garin katakon shekara ashirin bai bar ƙirjin Gana ba. Duk sanda ya yi tari, ko lomar tuwo ce a hannun Bakari, sai ya tsaya cak.