Ilisapeci da Alwatikan Katako

Mu a Lautoka, duk wanda ya yi karatun injiniya a kwalejin fasaha ya bi ta hannun Ilisapeci Rokotuibau. 'Yar direban motar rake ce daga garin Ba, kuma ita kaɗai ce mace a ajinsu lokacin da take ɗaliba. Ni maƙwabcinta ne, ofishinmu ma ɗaya a kwalejin.

Ciwon sukari ne ya cinye mata idanu, na hagu ya fara, na dama ya bi baya. Shugaban kwalejin, Peniasi, taubashinta ne, don haka ba ya jin nauyin faɗa mata magana.

"Ke makauniyar gidanmu," in ji shi, "ki koma Ba ki ci rogo da kifi ki huta. Wa zai zana miki allo?"

"Kai da idonka biyu me ka taɓa zanawa ban da hanyar kicin?" ta ce. "Ina nan."

Ta sa kafinta ya yanko mata alwatika iri-iri na katako. Ranar darasin cibiyar nauyi ta shigo aji da su a kwandon kasuwa. Peniasi ya zauna a baya ya harɗe hannu, ni ma na leƙo.

Ta ɗauki ɗaya ta shafa gefunansa. Ta auna gefe da zare, ta ninka zaren biyu ta sami tsakiya, ta ɗame shi daga nan zuwa kusurwar da ke fuskantarsa, ta karta layi da ƙusa. Ta sake yi a wani gefen.

"Inda layukan suka haɗu, nan nauyinsa ya taru," ta ce. "Sulusin tsayinsa ne daga gindi. Ku duba."

Ta ɗora shi a kan yatsa. Ya karkace ya faɗi ƙasa, kwaf! Sai wani ya tuntsire da dariya.

"Wanda ya yi dariya ya miƙo min."

Aka miƙo. Ta daɗe tana lalubensa, sannan ta ɗaga.

"Kafinta ya cuce mu, wannan ɓangaren ya fi kauri. Lissafin nan na katako mai kauri ɗaya ne. Wanda ya manta haka, wata rana ƙarfe zai faɗo wa mutane a ka. Ba ni wani."

Na biyun ya zauna daram a yatsarta. Ta bi layi-layi tana ɗora wa ɗalibai, kowa ya ji da hannunsa.

Duk da haka, da zango ya ƙare hukumar kwaleji ta yi mata ritaya. Aka shirya bikin ban kwana, aka dama yaƙona, abin shanmu na gargajiya, aka kawo tabarmi na kyauta. Ta ƙi zuwa. Ta aiko cewa ba ta yi sallama da kowa ba.

Ranar Asabar ɗalibai suka fara taruwa a barandarta, har yau ba su daina ba. Kwanan baya Peniasi da kansa ya kawo 'yarsa da ta faɗi jarrabawa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran murya.

"Na san wannan tarin," in ji Ilisapeci. "Yarinya ta shigo. Kai kuwa je ka fere mana kwakwa."