Takalma a Ƙofar Ɗaki, Bagadaza

Mun bar Jos tun asubar fari, sanyi yana kaɗa mana haƙora, ni da wata ƙawata ta zumuntar mata da za ta biki Gombe. Ita tana rungume da kular abinci, ni kuma da ƙaton fayil na hotunan zane-zane da na yi shekaru ina tarawa. Direba ya so ya cusa shi a but ƙarƙashin buhun dankali, na ce masa sai dai a cusa ni.

Ga abin da ya tashe ni. Matar ƙanena, tsohuwar malamar firamare, ta cire 'ya'yanta uku daga makaranta tana koya musu a gida. Har yau ban gama gane dalilinta ba. Lissafi da Turanci ba su gagare ta ba, amma babbarsu, Rifkatu, ba ta da aiki sai zane, har bangon kicin bai tsira ba. Aka ce Goggo, wato ni, ta zo, tunda ita ce malamar zane. Matsalar ita ce Baba, mahaifinmu, tsohon dattijon coci da ke zaune tare da su. A wurinsa zana fuskar Ubangiji Yesu ƙanin gunki ne. Ya aiko mini cewa in abin da zan kawo ke nan, ranar da na juya za a tattara fensiran yarinyar. Na san zai aikata. Ni ma bai taɓa tsayawa ya kalli zanena ba tun ina ƙarama.

A Bauchi muka tsaya cin masa. Masar tana nan da daɗinta, sai dai ta rame, kuɗinta kuma ya yi ƙiba. Daga Alkaleri direba ya shiga rawa da ramuka, muna taya shi da kawunanmu. Na cire rigar sanyi, na cire ɗankwalin wuya, kafin mu shiga Gombe ina fifita da hoton wani tsohon cocin Turai. Mai keken da ya kai ni unguwar Bagadaza ya yi ta satar kallon fayil ɗin, ƙarshe ya kasa haƙuri ya tambaye ni ko filaye nake sayarwa.

Na durƙusa na gaida Baba. Ya amsa, ya tambayi hanya, ya kalli fayil ɗin kamar na shigo masa da akuyar maƙwabta.

Washegari muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Baba ya jawo kujerarsa can gefe, ya ba mu baya, rediyo a kunne. Na fara da tsofaffin kawunan yumɓu da aka tono a Nok, na wuce zanen cocin Habasha masu manyan idanu, sannan na fito da abin alfaharina, wani tsohon zanen Turawa na Jibin Ubangiji, cin abincin ƙarshe da Yesu ya yi da almajiransa. Na shirya bayani a kan haske da inuwa. Ban samu na yi ba. Ƙaramin ya tambaya me ya sa duk suka zauna gefe ɗaya na teburin, ko faɗa suka yi da ɗaya gefen. Ta tsakiya ta ce ina ruwan wanke hannu. Rifkatu ta ce, "Goggo, wai mai zanen yana wurin?" Na ce a'a. Ta ce to ina ya san fuskarsa? Na ji an rage ƙarar rediyo. Gaskiya kaina ya ɗaure, don tambayar Baba ce ta fito daga bakin wadda na zo karewa.

Don in samu numfashi na raba takardu, na ce kowa ya zana jibin yadda yake ganinsa. Ƙananan suka cika takarda da malmalar tuwo. Da Rifkatu ta miƙo nata, na ƙura masa ido. Babu mutum ko ɗaya. Ƙofar ɗaki ce da labule a sake, a gabanta takalma jere, silifas da fade da wani mai tsinkakken maɗauri. Na juya takardar ko akwai wani abu a baya. Na ce a raina ko dai yarinyar ba ta fahimce ni ba, ko tsoron kakanta ya kashe mata hannu, na yi tafiyar banza ke nan.

Ban ji tasowar Baba ba, inuwarsa kawai na gani a kan takardar. Ya karɓa, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗora yatsa a kan wasu takalma na ƙarshen layi. Sai a lokacin na lura duk sauran suna kallon ɗaki, waɗannan kaɗai ke kallon hanya.

"Na Yahuza ne," in ji shi, wato almajirin da ya ci amanar Yesu. "Da niyyar fita ya shigo."

Rifkatu ta gyaɗa kai. Baba ya bi takalman ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ce, "Na Ubangiji fa?"

"Ai ka hana, Baba."

Ya sake duban layin takalman. Can ya miƙa mata takardar. "Ƙara nasa. Takalmi ba fuska ba ne. Amma ki yi su tsofaffi, ya sha tafiya."

Na rasa murna zan yi ko kuka. Fensiran Rifkatu sun tsira, amma ba da hujjojin da na ɗauko daga Jos ba. Kuma ba zan ɓoye ba, na ji ɗan kishi, don kallon da ya yi wa takardar nan na daɗe ina jiransa.

Ranar komawa na fito da jakata. Tun dare na ajiye takalmana suna kallon ƙofar gida don in zura in wuce. Na tarar an juya su suna kallon ɗaki. Rifkatu ta ce ba ita ba ce, uwarta ma haka. Baba yana kan kujerarsa yana murɗa rediyo da himma, kamar duk tashoshin duniya sun ɓace masa. Na ajiye jakar, na ƙara kwana biyu.

Yanzu ina Jos, na koma cikin rigar sanyi, rabin fayil ɗin ko buɗe shi ban yi ba. In kun tambaye ni ko a zana fuskar Ubangiji ko kada a zana, na fi rikicewa yanzu fiye da ranar da na tafi. Abin da na koyo kawai shi ne, akwai mutanen da ba za su taɓa ce maka zauna da baki ba. Sai ka duba ƙofar ɗaki.