Shekarar da Inna ta ce tauraruwa mai wutsiya ita ta zo ɗauka

Shekarun baya can, Jigawa tana sabuwar jiha, tauraruwa mai wutsiya ta fito da bazara. Ana idar da magariba sai ka gan ta ta wajen yamma. A Roni kowa ya san fassararta: wani babba zai tafi.

Mahaifiyata na kwance da zazzaɓi lokacin. Aka fito da ita shan iska, ta ɗaga kai ta gani, shi ke nan. Ta daina cin abinci, ta fara rabar da kwanukanta. Kunu ma sai ta kawar da kai.

Ni kuwa aji huɗu na yi a firamare, don haka ni ne masanin gidan. Na taɓa ji a rediyo cewa Turawa sun tura na'ura cikin wutsiyar irin wannan tauraruwa, ta auno abin da ke ciki. Na gyara zama na ce, "Inna, ƙura ce da ƙanƙara. An auna."

Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai wannan, da wane mudu?"

Na ce, "Wani faranti ne a goshin na'urar. Ƙwayar ƙura na bugunsa kamar tsakuwa a kwanon sha, daga ƙarar ake gane nauyinta. Wata ba ta kai ƙwayar gari ba."

"Ka gani da idonka?"

"Rediyo ya gani."

Ta juya ta fuskanci bango. Ilimina ya ƙare. Tsoro ya kama ni, bakina ya suɓuce na ce, "To Inna, an ce manya take ɗauka, sarakuna da malamai. Tun daga sama za ta taso saboda ke, mai ƙuli-ƙulin Roni?"

Sai ta juyo ta ce, "Ɗan banza. Miƙo kunun nan, in samu ƙarfin marinka."

Ta shanye tas. Da safe ta aika a karɓo mata kwanukanta.

Ta ƙara shekaru masu yawa. Ta rasu wata damina da hantsi, muna gona, sama ba ta nuna komai ba.

Har yau ban san ko daidai na bayyana farantin nan ba, masu boko sa gyara min. Abin da na sani, ranar da muka dawo daga maƙabarta na tsaya a tsakar gida, mutane cike, amma gidan ya yi min faɗi. Allah ya jiƙan Inna.